Shekarar da Hambali Wanzami Ya Daina Ramawa

Duk namijin da ya girma a Goron Dutse kafin shagunan aski na inji su cika gari, da wuya a ce askar Hambali ba ta taɓa bin kansa ba. Shi ya yi wa da yawansu askin suna, shi ya yi musu kaciya da suka tasa, kuma da furfura ta fara fito musu shi ne dai ya fara sanar da su, da ƙarfi, a gaban mutane. Wanzanci gado ne a gidansu. Tun bai yi gemu ba ubansa ya miƙa masa zabira, jakar fatar nan mai aljifai da ake zuba asake da ƙahonni, ya kuwa rataye ta har gashin kansa ya yi fari. Wurin zamansa gindin wata bishiyar durumi ne a ƙofar gidansu, yana fuskantar dutsen. A nan ake aski, a nan ake ƙaho, a nan kuma ake jin labarin da rediyo bai bayar ba.

Hannunsa mai laushi ne, bakinsa ne ba shi da laushi. Yana da wata da'awa da ya daɗe yana yi, wai daga siffar kai yake gane halin mutum. Mai doguwar ƙeya, in ji shi, ba ya yafiya. Mai kwari a tsakar ka, kada ka ba shi ajiyar magana. Ƙarya ce tsagwaronta, shi ma ya sani, amma sai ya riƙe kan mutum yana jujjuyawa yana girgiza nasa kan, har sai mai kan ya tsargu ya ce, "Me ka gani?" Shi kuma ya ce, "Bari kawai, Allah ya rufa asiri." Abin da yake gaskiya shi ne kai yana ba shi mamaki. Yakan ce ya gama da bayan kai kaf, saura ciki, kuma da za a bar shi ya leƙa sau ɗaya da ya huta.

Mutum ɗaya ce a duk Kano take iya tsayawa da shi, ita ce 'Yardada, taubashiyarsa. Ubanta da uwarsa ciki ɗaya suka fito, tsakanin ɗan mace da 'yar namiji kuwa kowa ya san ba a gaisuwar mutunci, sai tsiya. Tana zaune wajen Ƙofar Kabuga, kitso take yi, kuma tun rasuwar mijinta ta sami ƙafa, ba ta haɗa mako ba ta biyo ta Goron Dutse ba. Tun daga nesa take farawa.

"Bawan gidanmu, yau kan wa ka lalata?"

"Ni sauke wa mutane kaya nake yi," in ji Hambali, ko ɗagowa bai yi ba. "Ke kuwa ki kama kan baiwar Allah ki yi ta ja har girarta ta koma ƙeya, ki ce wai ado ne."

Haka suke tun suna yara. Duk ranar cika-ciki kuma, ranar da taubasai ke cin karensu babu babbaka, sai ta lallaɓo ta sace masa zabira, shi kuma ya bi ta lungu-lungu yana zagi, tsofai-tsofai da su, mutane na dariya. 'Yardada ba ta taɓa zama ta tambayi kanta ko tana son Hambali ba. Ita dai ta san in mako ya wuce ba ta ji zaginsa ba, abinci ma ba ya yi mata daɗi.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, bakin kowa ya buɗe a Kano. Katangu suka cika da hotunan 'yan takara, gindin durumi ya koma majalisa, mai shayi ma ya zama masanin tsarin mulki. Wannan ita ce shekarar da ta dace da Hambali, don kuwa kawunan da ke jikin katanga kaɗai sun ishe shi aiki. Sai ga shi a shekarar ce nasa bakin ya rufe.

Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Da farko rage hira ya yi. Daga nan sai ya riƙa aski shiru, ya gama ya goge aska, ba ya ce wa kan kowa komai. Sai ya fara cewa a je wa ɗan ƙaninsa, shi ya gaji. Kafin damina ta ɗauke ya bar gindin durumi ya koma zaure, ya zauna a kan buzu da carbi a hannu, kansa a sunkuye. Tuwon da ake kai masa ana ɗauke shi kusan yadda aka ajiye. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, kuma wani lokaci hawaye kan zubo masa ba tare da kowa ya ce masa komai ba.

To, a cikin birni tsoho mai carbi, mai ƙarancin ci, mai ƙarancin magana, mai hawaye, ba a rasa sunan da za a ba shi. Aka ce Hambali ya saki duniya. Aka ce dama masu irin bakin nan in Allah ya juyo da su ba su tsayawa a hanya. Wani ya ce ya gan shi a mafarki cikin fararen kaya. Wanzami ya tashi daga Hambali ya koma Malam, mutane suka fara cire takalmi tun daga bakin zaure, su durƙusa su ce a sa su a addu'a. In ya yi shiru su ce ya amsa a zuci. Babban ɗansa, Muhammad Auwal, mai sayar da yadi a kasuwa, ya sayo sabuwar darduma ya shimfiɗa. Ba don wata manufa ya yi ba. Ya girma yana jin kunyar barkwancin ubansa, yanzu kuwa ga dattawa suna rusuna wa uban, ransa ya yi fari da gaske.

'Yardada ce kaɗai abin bai kwanta mata ba. Ta san mutanen da suka saki duniya, kakansu ma haka ya ƙare, amma shi fuskarsa a sake take, yana kuma tsokanar jikoki har ranar da ya kwanta. Ta zo ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Bawa, an ce ka zama waliyyi. Su waye za su gaya wa mala'iku irin ƙaryar da ka yi a gindin durumi?" Mutanen da ke zaune suka sunkuyar da kai don kunya. Hambali ya ɗago ya dube ta kamar yana ƙoƙarin tuna inda ya ajiye wani abu, sannan ya mayar da kai.

Ita makitsiya ce, idonta a kan yatsu yake. Kowa carbin yake gani, ita kuwa ta tsaya tana kallon hannun. Ta daɗe a tsaye, ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba.

Ta shiga cikin gida wurin matarsa Luba, ta zaunar da ita ta shiga tambaya kamar mai tsefe tsohon kitso. Wani ya mutu ne ba a gaya mata ba? Babu. Wani ya ɓata masa? Babu. Asara ya yi? Luba ta ce babu abin da ya faru, shi ne ma abin da ke ɗaure mata kai. Sannan ta rage murya. "Yaya, ni fa tsoro nake ji. Sallar ma sai na yi ta tuna masa. Rannan ce min ya yi shi ba shi da sauran amfani, gara a ce babu shi. Na gaya wa yaron nan, ya ce ai haka bayin Allah suke ƙasƙantar da kansu."

'Yardada ta koma gida da tambayar da ta hana ta sakat. In baƙin ciki ya kama mutum, ai daga wani wuri yake shigowa: mutuwa, ko talauci, ko wulaƙanci. Wannan ta ina ya shigo? Tana kitsa kan wata amarya tana tsaga da kibiya, sai ta tsinci kanta tana danna ƙoƙon kan da yatsa, tana tunanin me ke ƙarƙashi. Wata nas da take yi wa kitso ta ce mata akwai likitocin da aikinsu ke nan, har ma an kawo injin da ke ɗaukar hoton cikin kai. Da ta kai wa Muhammad Auwal maganar, sai ya ɓata fuska.

"Haba Gwaggo. Likitan masu taɓin hankali? A ce mun ɗauki mutumin da ake zuwa neman addu'arsa mun kai shi can? Don Allah ki bar maganar nan."

Ta bar ta, amma ta san in aka ci gaba da durƙusa wa Hambali haka, za a durƙusa masa har kabari, kowa yana murna.

Ranar cika-ciki ta zo da zafin bazara. Da hantsi 'Yardada ta shiga zauren, ta ratsa masu neman addu'a, ta miƙa hannu ta sauko da zabirar daga ƙusar da take rataye. Ba lallaɓawa ta yi ba, a gabansa ta ɗauka, har da kaɗa ta don asaken su yi ƙara. Ta taka zuwa bakin ƙofa ta tsaya tana jira. Duk shekarun duniya a nan yake zabura. Ba ta ji komai a bayanta ba, sai tarin wani baƙo. A nan ne tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun ciwon ajalin mijinta.

Sai ta juyo, ta zaro igiya daga cikin mayafinta, ta ɗaure hannun rigarsa tamau.

"Na kama bawana," in ji ta. "Tashi mu je."

Wani dattijo ya ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah, Malam ne fa."

"A wurinku. Ni a wurina ɗan gwaggona ne, kuma yau ranata ce. A cikinku wa ya taɓa shiga tsakanin taubasai?"

Babu wanda ya taɓa, babu kuma wanda yake so a fara da shi. Hambali ya miƙe, don a lokacin ko yaro ya ja shi zai bi. Luba dama ta shirya tana jira a bakin titi cikin tasi. Kafin labari ya kai kasuwa sun isa asibiti.

Abin da aka fara ganowa shi ne jininsa ya hau, kuma da alama ya daɗe a sama ba a sani ba. Wannan ya sauƙaƙa komai, don hawan jini ba abin kunya ba ne. Muhammad Auwal ya iso a fusace, ya ji haka ya sauko, daga ranar ma shi ya riƙa kawo uban da kansa. Aka yi ta zuwa ana dawowa, daga wannan ɗaki zuwa wancan, har aka haɗa su da wani likita mai suna Dakta Isiyaku, mutum mai haƙurin tambaya. Ya tambayi barci, ya tambayi ci, ya tambayi yaushe rabon Baba da ya ji daɗin wani abu. Hambali ya ce, "Na manta yadda ake ji." Saboda tafiyarsa ta canza kuma ciwon ya same shi da tsufa, likitan ya ce a ɗauki hoton kan.

Ranar da hoton ya fito 'Yardada ta riga kowa shiga. Likitan ya maƙala wata baƙar leda a jikin fitila, sai ga kan Hambali an jera shi yanka-yanka, da'ira bayan da'ira. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓawa. Ta yi zaton za ta ga wani abu sumul kamar cikin ƙwarya. Sai ta ga gefen duk lanƙwasa ne da tsaga, layi na bin layi, an shirya su tsaf.

Ta juyo ta ce, "Kai, Bawa. Ashe kitso ne a cikin kanka. Ka ƙare rayuwarka kana zagin sana'ata, alhali da ita kake yawo."

Luba ta sa hannu ta rufe baki don kada dariya ta kufce mata. Hambali ya ɗago, kuma idonsa ya tsaya a kan hoton bai sauka ba.

Dakta Isiyaku ya nuna wasu wurare da bakin biro, can ciki da kuma ta wajen goshi, inda launin ya yi duhu-duhu, da wasu 'yan ɗigo ƙanana. Ya ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyin jini sirara ƙwarai, kuma hawan jini na shekaru yana cinye su a hankali. In suka toshe, sai hanyoyin da sassan ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo su lalace. "Kamar lungunan cikin gari ne, Mama. Gidajen suna nan, mutanen suna ciki, amma an toshe lungu, ɗan aike ba ya wucewa. Wasu daga cikin hanyoyin nan su ne ke kai wa mutum sha'awar tashi, da jin daɗin abu."

"To nuna min baƙin cikin," in ji 'Yardada. "Wanne ne a ciki?"

Likitan ya yi dariya. "Ba ya fitowa a hoto. Ciwon damuwa daga bakin Baba da naku na gane shi, ba daga nan ba. Akwai tsofaffin da za ki ga hotonsu ya fi wannan tabo, suna nan suna ta raha. Akwai masu ciwon da hotonsu fes. Abin da aka lura shi ne, in damuwa ta fara kama mutum da tsufa ba tare da dalili ba, sau da yawa ana samun irin wannan tare da ita."

"Wanne ya riga wani? Tabon ne ya kawo damuwar, ko damuwar ce ta ci wurin?"

"A wurin Baba na fi zaton tabon ne. Amma tambayar nan taki, masu bincike ma ba su gama da ita ba."

Wannan amsa ta yi wa 'Yardada daɗi, don ba ta yarda da mutumin da ya san komai. Muhammad Auwal kuwa murya ƙasa-ƙasa ya tambaya, shin ke nan duk abin da mutane ke gani a wurin Baba ba komai ba ne? Likitan ya ce shi bai san matsayin kowa a wurin Allah ba, injinsa ma bai sani ba. Abin da ya sani shi ne mutumin nan yana shan wahala, kuma akwai magani. Tabon ba zai goge ba, sai dai a hana shi ƙaruwa. Maganin damuwar kuma yana da nawa, musamman ga irin su Baba, sai an yi haƙuri. Ya ƙara da cewa kada a bar shi shi kaɗai a zaure, a fito da shi cikin mutane, a riƙa yi masa magana irin wadda ya saba.

"Wannan aikina ne," in ji 'Yardada.

Ta kuwa riƙe shi. Aka mayar da buzun gindin durumi. Kullum ta zo sai ta zage shi tas, ta zagi askarsa, ta zagi ƙeyarsa, ta ce dama shi ya koya wa kurege ƙarya. Shi kuma yana zaune yana kallon dutse. Watanni suka shuɗe haka. Sau da yawa takan koma Kabuga tana share ido da gefen mayafi, don zagin wanda ba ya ramawa ba wasa ba ne, cin zali ne, ita ma ta san haka. Zabirar tana rataye a ɗakinta, ta rantse ba za ta mayar ba sai mai ita ya nema.

Sauƙin ya zo ta inda ba a kallo. Luba ta ce ya cinye tuwo. Wata rana ya tambayi wane ne gwamna yanzu, aka gaya masa, ya ce to. Carbin ya fara tafiya a hannunsa. Masu neman addu'a kuwa suka riƙa raguwa, don waliyyin da ke zaune a bakin hanya yana cin gyaɗa bai cika shiga ido ba. Har wani ya ce asibiti sun sauke Malam daga maƙaminsa. Muhammad Auwal ya naɗe dardumarsa ya kai masallaci.

Wata ranar Laraba da la'asar, bayan an yi ruwa an ɗauke, 'Yardada ta iso a gajiye, ƙafarta duk taɓo. Ba ta da ƙarfin sabon zagi, sai ta jefa tsohon.

"Bawan gidanmu, yau kan wa ka lalata?"

Ta wuce za ta shiga gida, sai ta ji murya a bayanta, a dushe, a hankali.

"Kitson nan da kika ce kin gani a kaina."

Ta tsaya cak.

"Na yi ta tunaninsa. Kin ga yadda tsagar ta fita? Shekara saba'in yana nan, bai taɓa sa ni ciwon ƙeya ba. Wanda ya yi shi gwani ne. Ki daina haɗa shi da wannan jagwalgwalon naki."

'Yardada ta juyo. Tun ranar hoton ya riƙe maganar, yana jan ta a hankali ta lungunan da suka rage masa, sai yau ta iso. Farin ciki ya cika ta, ta zauna a kan tushen durumin.

Hambali ya kalli hannuwansa, waɗanda yanzu suke ɗan rawa. Shi da ita duk sun san ba zai ƙara ɗora aska a kan kowa ba. Ya ce, "Duk wanda ya shigo zauren nan durƙusawa yake, in ji kamar an riga an yi min sallah. Ke kaɗai kike zagina. Ina jin ki, kamar daga bayan katanga. Bakin ne ya ƙi ɗaguwa."

"To waliyyi, sai ka yi min addu'a."

"Allah ya shirye ki. Ki dawo min da zabirata, ɓarauniya."

Ta ce sai ya zo da ƙafarsa ya karɓa. Washegari da hantsi aka ga Hambali ya nufi Ƙofar Kabuga da sanda, yana tafe yana hutawa, duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya gaya masa irin matar da ta sace masa kaya.